Yadda na cire tsohon fenti da banish a cikin ɗaki da sinadari marar ƙarfin wari

Ƙofar katako ce mai tsawon santimita 200 da faɗin 80, da allo huɗu a jikinta, kowanne kewaye da kwarmin ado. Babu halin fitar da ita waje, don haka a ɗaki mai taga ɗaya aka yi aikin, kuma ya ci kwana shida daga kwance ta zuwa shafa sabon banish. Lokacin da hannu ya yi aiki a ciki bai wuce awa takwas ba. Sauran duk jira ne, kuma a wurin jiran nan yawancin mutane ke ɓata aikinsu.

Kafin in buɗe kowane gwangwani sai da na san abin da ke jikin ƙofar. Na sa reza a can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, na yanka a karkace har na tarar da katako. Hawa uku suka fito: fentin ruwa fari a sama, fentin mai a tsakiya, sai tsohon banish ruwan ƙasa kwance a kan katakon. A wannan yankan na goga sandar gwajin dalma, domin ta taɓa dukkan hawan uku. Wanda ya goga a sama kawai, fentin baya-bayan nan ya gwada, alhali gubar tana ƙasa. A Amurka an hana fentin gida mai dalma a 1978, ƙasashe da yawa kuma sun yi shekaru masu yawa bayan nan kafin su hana, saboda haka ƙofa ba sai ta tsufa ƙwarai za a same ta da shi ba. Tawa ba ta nuna ba. Da ta nuna, da ban sa mata sanfefa ko bindigar zafi ba ko kaɗan, da sinadari a jiƙe kawai zan yi aikin, in kuma nisanta yara da mai juna biyu daga wurin har a gama wanke ɗakin.

Sai gwajin hawan ƙasa. Auduga da ɗigon sifirit irin na alkohol: idan banish ɗin ya narke ya yi danƙo cikin minti ɗaya, nau'in banish ɗin da ake kira shelak ne, kuma sifirit kaɗai ya isa ya cire shi. Idan bai motsa ba sai a gwada tina mai ƙarfi, wadda ke narkar da banish irin na feshi da ake kira lacquer. Idan ita ma ta ga ta kanta, to banish ɗin mai ne ko foliyuretan, kuma nan ne ake buƙatar sinadarin cirewa. Nawa bai motsa da ko ɗaya ba.

Maganar zaɓin sinadari ita ce na fi so a tsaya a kanta. Tsofaffin magungunan cire fenti, masu ɗaga shi cikin minti goma sha biyar, metilin kulorayid ne ƙashin bayansu. Yana tafasa a digiri 40 kacal na ma'aunin Celsius, don haka da an buɗe gwangwani ya fara cika ɗaki. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa da cikin abubuwa masu zurfi kamar bahon wanka, jiki kuma yana mayar da wani kaso nasa iskar kabon monoksayid, irin wadda ke cikin hayaƙin injin. Ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna. Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a shi a ƙarshen 2011, hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana a 2019. Waɗanda suka maye gurbinsa ba su da ƙarfin wari ne saboda dalili guda: ba sa tashi da sauri. Benzil alkohol yana tafasa a wajen digiri 205, sinadarin da ake taƙaita sunansa da NMP a wajen 202, su DBE, wani rukunin sinadaran narkar da fenti, su ma suna nan kusa. Ga kuma waɗanda aka yi da man waken suya, da masu limonin na ɓawon lemu.

Rashin wari ba shaidar lafiya ba ce, kuma ina faɗin haka da nauyi. NMP kusan ba a jin warinsa, amma yana ratsa fata ya shiga jini, kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna yana cutar da ɗan da ke ciki. Wanda ya guje wa metilin kulorayid ya ɗauki NMP da hannu tsirara, ya gudu bai tsira ba. Tururin DBE a ɗakin da babu iska yana iya sa gani ya dushe na ɗan lokaci. Limonin yana iya kama wuta daga wajen digiri 50 idan wuta ta kusance shi, yana kuma sa wa wasu ƙaiƙayin fata, duk da ƙanshinsa mai daɗi. Ga shi hanci yana saba wa wari cikin 'yan mintuna, ya daina ba mutum labari. Abin dogaro shi ne takardar bayanin kariya ta kamfanin da ya yi maganin. Sashe na 3 yana lissafa abin da ke ciki, sashe na 8 yana faɗin irin safar hannu da takunkumin da ya dace. Sunayen sinadarai suna sauyawa daga gwangwani zuwa gwangwani, amma lambar rajistarsu ba ta sauyawa: 75-09-2 metilin kulorayid ne, 872-50-4 NMP ne, 100-51-6 benzil alkohol ne.

Akwai wani rukuni na daban, mai kostik soda, wanda ba ya wari sam kuma yana cin fentin mai hawa-hawa domin yana mayar da man sabulu. Na bar shi saboda katakon ƙofar zan bari a fili. Kostik yana baƙanta itatuwa masu yawan tanin, wani sinadari da ke cikin itace, irin su itacen ok da mahogani, yana ta da gashin katako, yana cin alminiyam, kuma dole a kashe kaifinsa da ruwan khal bayan an gama. Ga bangon siminti ko ƙarfe ko katakon da za a sake rufewa da fenti yana da amfani. Ɗigonsa ɗaya a ido kuwa yana iya makantarwa. Na ɗauki mai benzil alkohol da ruwa, mai kauri kamar man shafawa, wanda babu NMP a cikinsa.

Shirya ɗakin bai ɗauki lokaci ba. Fanka a bakin taga tana hura waje, na toshe gefunanta da kwali don kada iskar ta kewayo ta dawo, ƙofar ɗakin kuma a buɗe kamar taƙi ɗaya don sabuwar iska ta shigo. Teburin aikin yana tsakanina da fankar, ta yadda tururin ke barin fuskata ya nufi taga. Fankar sama ba ta fitar da komai, juya iskar kawai take yi tana busar da maganin, don haka a kashe na bar ta. A ƙasa leda mai kauri, a kanta kwali, domin leda da wannan magani santsi ne da ke ka da mutum. Safar hannu ta roban butil, ba siririyar nan ta asibiti ba, wadda sinadarin ke ratsawa ba tare da ta yage ba. Tabarau mai manne wa fuska ta kowane gefe. Takunkumin ƙura ba ya tare tururin sinadari, sai mai gwangwanin gawayi a gefe. Bokitin ruwa mai tsabta kusa da hannu.

Na kwance ƙofar daga hinjinta, na cire makulli da hannu da duk wani ƙarfe, na kwantar da ita a kan dawakin katako biyu. A tsaye ma ana iya yi, amma maganin yana zamewa ƙasa, sama ta bushe kafin ta nuna.

Gwaji na farko fili uku ne masu faɗin tafin hannu, duk a rufe da leda. Na buɗe ɗaya bayan awa biyu, ɗaya bayan awa shida, ɗaya bayan awa goma sha shida. Na awa biyu fentin ruwa kawai ya ɗaga. Na shida ya kai fentin mai, amma tsakiyarsa na nan da tauri. Na sha shida ya sauka har banish. Wannan gwajin ne ya gaya mini in shafa da yamma in kankare da safe, kuma ya fi abin da aka rubuta a gwangwani daidai, domin rubutun bai san hawa nawa ne a jikin ƙofar ba.

Lissafin yawan magani mai sauƙi ne. Lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya kaurin milimita ɗaya take bayarwa. Fuskar ƙofar murabba'in mita 1.6 ce, ina son kaurin milimita biyu, ke nan lita uku da ɗan ɗoriya ga fuska ɗaya a shafin farko. Mutane suna jin wannan adadi su ja da baya, sai su shimfiɗa lita ɗaya a duk ƙofar kamar suna fenti. Siririn shafi yana bushewa cikin awa ɗaya, fentin da ya fara laushi ya koma ya ƙame, a ƙarshe a sayi ninkin abin da aka yi wa rowa. Maganin yana aiki ne muddin yana jiƙe. Yana ratsa fatar fenti a hankali, ya kumbura ta, har ta saki abin da take riƙe da shi a ƙasa. Da ya bushe ratsawar ta tsaya cak.

Na juye shi a faranti, na riƙa ɗora shi da tsohon buroshi mai faɗin inci uku. Ɗorawa nake yi ta gefe ɗaya, ba na kai da komowa, domin maimaita jan buroshi yana sirantar da shi. Ma'aunin ido shi ne kada a hango launin fentin ta cikinsa. A cikin kwarmin ado na cusa shi da bakin buroshi har ya cika, saboda nan fenti ya fi taruwa. Ina gama kowane kashi ɗaya cikin uku na ƙofar sai in rufe da siririyar leda nan take, in bi ta da bayan makankari daga tsakiya zuwa gefe ina korar iska, in lanƙwasa gefen a ƙarƙashi in kama da salatif. Zafin ɗakin yana wajen digiri 24, wanda ya yi daidai. Ƙasa da digiri 10 waɗannan magunguna kusan barci suke yi. A ɗaki mai zafi sosai kuma suna saurin ci, amma ruwan cikinsu yana saurin gudu, sai a ƙara kauri a rage lokacin jira. Hasken rana da ke shigowa ta taga ya sauka a kan ledar yana busar da wurin ko da an rufe. Fankar ta kwana tana aiki, ɗakin kuma ba wanda ya kwana a ciki.

Da safe fentin ya yamutse a ƙarƙashin ledar kamar fatar tsoho. Ban yaye ledar duka ba. Ina ɗaga kamar taƙi biyu, in kankare, in ƙara ɗagawa, don sauran ya zauna a jiƙe. Makankarin roba mai faɗin inci uku na yi amfani da shi, na ɗan goge kusurwoyinsa da sanfefa suka yi da'ira. Katakon da ya sha magani yana da laushi, kaifin ƙarfe ko kusurwa mai tsini na yi masa rauni da ba ya fita sai da zurfin guga. A kwance nake riƙe makankarin, ina turawa tare da jijiyar katako. Inda ya nuna, fentin yana tattaruwa gaban makankari ba tare da an danna ba. Inda sai an danna, bai nuna ba, kuma ƙarfi ba ya gyara wannan, sai ƙarin magani da ƙarin lokaci. Abin da na kankaro ina goge shi a bakin tsohon gwangwani.

Wuri biyu suka ba ni matsala. A gefen da ke fuskantar fanka ledar ta ɗaga da dare, maganin ya bushe ya zama farin ɓawo mai tauri. Ban kankare shi a bushe ba. Na ɗora sabon magani a kansa, na rufe, bayan awa biyu ya koma laushi ya fita tare da fentin. Na biyu kuma 'yan tsibirai ne masu faɗin kwabo a tsakiyar allo, daidai inda kumfar iska ta maƙale ƙarƙashin leda. Su ma shafi na biyu ne ya ɗauke su.

Kwarmin ado ya fi ko'ina cin lokaci. Na fere guntun katako ya yi baki irin na kwarmin, na riƙa tura shi ciki, sai buroshin tagulla mai laushi, a kusurwa kuma tsinken katako. A nan na yi kuskuren da ya bar alama. A kwarmi ɗaya na ɗauki soson ƙarfe don in yi sauri. Washegari wurin ya fito da ɗige-ɗige baƙi-shuɗi. Ƙananan ɓarɓashin ƙarfen ne suka maƙale a ramukan katako, suka haɗu da ruwan maganin da tanin ɗin itacen suka zama tawada. Sanfefa ba ta kai zurfinsu. Asid ɗin okzalik ne ke cire su: cokali biyu na garinsa a rabin lita na ruwan ɗumi, a shafa wa allon gaba ɗaya don kada wuri ɗaya ya fi haske, a bar shi ya bushe, a ɗauraye sau biyu ko uku. Guba ne, kuma ƙurarsa tana ƙona maƙogwaro idan aka goga sanfefa kafin a ɗauraye. Tun daga nan soson roba mai kaushi kawai nake haɗawa da maganin da ke da ruwa.

Shafi na biyu siriri ne, kamar milimita ɗaya, wajen lita ɗaya da rabi, awa huɗu a rufe. Tsohon banish bai yamutse kamar fenti ba, narkewa ya yi ya zama danƙo ruwan zuma, na kwashe da makankari na bi da soson roba. Launin da ya riga ya shiga cikin katakon tun farko bai fita duka ba, kuma ba zai fita ba, domin maganin fatar sama yake ɗagawa, rinin da ya nutse ba ruwansa da shi.

Wankin bayan kankara shi ne matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma shi ke yanke hukuncin sabon banish. Abin da ya sa maganin ba ya wari, wato jinkirin tashinsa, shi ne ke sa ya zauna cikin ramukan katako kwana da kwanaki. Sabon banish da aka shafa a kansa sai ya ƙi bushewa, ko ya janye ya bar ramuka kamar idon kifi, ko ya ɓare bayan 'yan makonni. Masu man waken suya sun fi kowa barin maiƙo. Gwangwanina ya ce a wanke da ruwa, sai na sa ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, soso a matse, fili kaɗan-kaɗan, ina bi da busasshen tsumma nan take, sannan zagaye biyu da ruwa zalla. Ba a kwarara wa katako ruwa. Yana kumbura mahaɗa, kuma idan kayan suna da siririn fallen katako da aka manna a sama, ruwa yana sakin tsohon gam, fallen ya tashi. A irin waɗannan kaya farin sifirit, wato tinar fentin mai, ya fi, in dai maganin ya yarda da shi, sai dai shi yana da wari kuma yana kama wuta, don haka babu murhu ko sigari kusa, fanka kuma ba ta tsayawa.

Na juya ƙofar na maimaita komai a ɗaya fuskar, na sa tsumma a kan dawakin don kada su yi wa fuskar da aka gama shaida. Duka-duka lita tara da wani abu suka tafi.

Bayan wanki na jingina ta a tsaye, iska na ratsa gaba da baya, awa arba'in da takwas. Mai na'urar auna danshin katako ya jira ta nuna kashi 12 cikin ɗari ko ƙasa. Wanda ba shi da ita ya manna guntun leda a jikin katakon da salatif ya bar shi ya kwana, idan ya tarar da raɓa a ƙarƙashi ko wurin ya yi duhu, da sauran jira. Sanfefa ma tana faɗin gaskiya: idan tana fitar da gari mai laushi katakon ya bushe kuma ya wanku, idan tana toshewa da danƙo akwai sauran magani, a koma wanki. Na fara da mai lamba 150 don kwantar da gashin da ruwa ya tayar, na gama da 220, duk da hannu, duk tare da jijiya. Kafin in shafa wa ƙofar duka, na gwada sabon banish a ƙasan gefenta na bar shi kwana ɗaya. Ya bushe ƙam, farce bai ɗaga shi ba, salatif da na manna na fizge bai taho da komai ba.

Akwai inda waɗannan magunguna ba sa kai labari. Fentin efoksi da banish mai haɗi biyu, irin wanda ake zuba wa mai taurarawa, da fentin da aka gasa a masana'anta, sukan kwana ƙarƙashin magani su tashi kamar ba a taɓa su ba. Karce fuskar da sanfefa mai lamba 80 yana buɗe wa maganin hanya, idan an tabbatar babu dalma. In gwajin awa ashirin da huɗu bai motsa shi ba, ƙarin gwangwani asara ce, sai a koma ga makankarin ƙarfe mai kaifi ko injin guga mai zuƙe ƙura. Robobi da yawa kuma maganin yana cin su, don haka duk wani abu na roba a jikin kayan a cire shi ko a rufe.

Dattin da aka kankaro fenti ne da sinadari, ba ya shiga magudanar ruwa ko rami. Na bar gwangwanin a buɗe a waje, inda yaro ko dabba ba sa kaiwa, har ya ƙafe, na rufe na rubuta abin da ke ciki, na kai inda ake karɓar sharar sinadarai. Ledar da kwalin na naɗe su ta ciki na ɗaure. Ruwan wankin na bar shi a bokiti ya kwanta, laka ta bi gwangwanin. Tsummokaran da suka sha farin sifirit ko banish mai mai ba a dunƙule su a jefa kwando, domin man da ke bushewa, musamman na linsid, yana ɗaukar zafi da kansa har tarin tsumma ya kama wuta. Na shanya su ɗaya-ɗaya a waje a kan waya har suka yi tauri, waɗanda suka jiƙe sharkaf kuma na nutsa su a ruwa cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Fankar tagar na bar ta tana aiki ƙarin kwana biyu bayan shafin banish na ƙarshe, sannan na mayar da hinji na rataye ƙofar.